Wai ta ina Sharon ta shigo mana, kuma wa ke gadin ƙofa?

Manomin Kadawa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tun 2016 nake fama da tsutsar tumatir ɗin nan da muke kira Sharon. A shekarar da ta fara, gonata kadada ɗaya ta ƙone ƙurmus cikin kwana goma, ganye ya bushe kamar an babbake shi. Bana ma ta dawo, na yi feshi har sau shida, tana nan daram. Wani malamin gona ya ce min asalinta daga Kudancin Amurka take. Abin ya tsaya min a rai. Yaya tsutsar da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba ta tsallako teku har Kura? Kuma babu masu tsare irin wannan a kan iyaka ne?

Malamin Gona Zariya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ya faɗa maka. Sunanta Tuta absoluta. An fara ganinta a Spain a 2006, ta bi Arewacin Afirka, ta gangaro mana. Ba sai ta yi tafiyar da kanta ba. Kwandon tumatir, akwatin kaya da irin dashe su ke ɗaukar ta. Shi ya sa a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Masu gadi akwai. Tun 1951 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare tsirrai ƙarƙashin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa kayan gona ba za su tsallaka iyaka ba sai da takardar shaidar lafiya. A nan Najeriya hukumar NAQS, mai binciken lafiyar kayan gona a kan iyaka, ce ke wannan aiki. To amma kai ma ka san hanyoyin da kaya ke bi tsakanin Jibiya da Maraɗi, ba kowace mota ke tsayawa a shinge ba. Batun feshinka kuma, tsutsar tana shiga cikin ganye ne ta ɓuya, kuma ta saba da maganin da ake maimaita mata. Ka riƙa sauya magani, ka tattara ragowar tumatir bayan girbi ka ƙone.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan tsutsar masara ce ta same mu, ita ma daga nahiyar Amurka, kuma a 2016 aka fara ganinta a Najeriya. Cikin shekara biyu ta kai Indiya. Amma ni na ga amfanin haɗa kai da idona. Ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, sun kawo mana wani ɗan ƙwaro mai kama da rina cikin ƙananan buhuna, muka rataya a garinmu, yana kashe tsutsar zangarniyar gero. Ko kobo ba mu kashe a magani ba.

Hajiya Mai Wake:
Ku dai ku yi hattara da yawan feshin nan don Allah. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya saboda maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Mu 'yan Dawanau mun ji a jikinmu.

Manomin Kadawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, irin dashen da na sayo bara daga wata gona, ban ko duba bayan ganyensa ba. Yaya ƙwan tsutsar nan yake, in gane shi kafin in dasa na gaba?