Me zan sa a madadin farar giyar Italiya a risotto?

Ɗan koyo, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina koyon girki a kicin ɗin wani otal. Jiya oga ya ba ni risotto, shinkafar nan ta arewacin Italiya da ake zuba wa romo kaɗan-kaɗan har ta yi kauri. A takardar an ce in an soya albasa da shinkafar, a zuba rabin kofin Pinot Grigio, wata farar giyar inabi ta Italiya. Ni ban taɓa riƙe kwalbar giya ba, kuma ba na son in fara. Oga ya ce in dai ɗanɗanon zai fito, in sa abin da na ga dama. Don Allah mene ne aikinta a tukunyar?

Baban Joy, Barnawa:
Ƙanena, tsaminta ake nema. Na daɗe ina kai wa baƙi abinci a teburi, a nan na koya. Abin da ya sa take fara shi ne ana matse inabin a raba ruwan da ɓawon tun kafin a sa yis, don launi a ɓawo yake. Shi kansa inabin Pinot Grigio fatarsa ruwan toka ce mai ɗan ja. Sai a bar ruwan cikin tankin ƙarfe mai sanyi, yis ya cinye sukarin, ya koma barasa wajen kashi 12 cikin 100. Shi ya sa ba ta da zaƙi. Akwai wasu fararen giyar Italiya irinta: Soave daga kusa da birnin Verona take, Gavi daga yankin Piemonte, Verdicchio daga yankin Marche, kuma yawanci da kifi ko kaza ake haɗa su, domin tsamin yana yanke maiƙo. Baƙo in ya ce gasasshiyar karfasa, ita nake kawo masa. Amma farfesu mai attaruhu ba na ba da shawara, barasar ƙara zafin barkonon take.

Hajiya mai abincin biki, Tudun Wada:
Yaro, kada wani ya ce maka wuta na ƙone barasar duka. Tana raguwa, amma ba ta ƙarewa a girkin minti 18. Ka yi daidai da ka tambaya. Ni rabin kofin romon kaza nake sawa, da babban cokali ɗaya na ruwan lemun tsami. Kada ka sayi ruwan inabin kwali, zaƙinsa zai ɓata maka shinkafar. Su ma 'yan Italiya suna da agresto, ruwan ɗanyen inabi da ba a bari ya zama giya ba.

Ɗan koyo, Unguwar Rimi:
Baba, Hajiya, na gode, Allah ya saka da alheri. Na gwada yau da safe. Tukunyar farko na cika lemun, ta yi tsami da yawa. Ta biyu na raba shi, rabi da farko, rabi bayan na sauke na juya man shanu da cuku. Oga ya ɗanɗana, ya ƙara cokali, ya ce gobe ni zan yi na baƙi.