Ciwon dunduniya: allura, gashi, ko in ci gaba da murza ƙwallo?

Ɗan Misfala: Assalamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan dunduniyar ƙafata ta dama ta sa ni a gaba. In na tashi sallar asuba, takun farko kamar na taka ƙusa, sai na dafa bango nake isa banɗaki. In na ɗan zagaya ya lafa, da na zauna na miƙe kuma ya dawo. A maɗ'am, wato gidan abinci, nake aiki, tsayuwar awa goma kan tayil. Likita ya ce tantanin tafin ƙafa ne ya ɗaure, wanda ya taso daga ƙashin dunduniya zuwa gindin yatsu. Ya ce ko allura a wurin, ko gashin ƙashi zama goma, ko motsa jiki a gida. Ina da gyambon ciki, ba na shan maganin kashe zafi. Ƙaho kuma na yi sau biyu, ina kuma murza ƙwallo a tafin ƙafar. Saura mako shida azumi, kun san Makka a Ramadan. Riyal 600 na ware. Wanda ya taɓa fama da wannan, me ya yi masa aiki?

Direban Jidda: Wa alaikumus salam. Shiga saidaliyya, kantin magani, ka sayi Voltaren na haɗiya, kwana uku ka manta.

Baba Wanzam: Yaro, mataccen jini ne ya taru. Ka jira 17, 19 ko 21 ga wata a kafa maka ƙaho a sharaɓa.

Ɗan Misfala: Baba, na faɗa a sama, na yi sau biyu. Malam Direba, gyambon ciki fa.

Inna ta Karantina: Ɗana, kar ka yarda da allurar nan, ni ganau ce. Shekara goma sha ɗaya ina aikatau a Jidda, gida mai hawa uku, goge-goge da guga duk a tsaye. Da ciwon ya kama ni na je wani mustausaf, ƙaramin asibiti, ba zan kama suna ba. Aka yi min allura, wata biyu ina tafiya kamar ba ni ba. Ya dawo, aka sake. Ta uku ni na roƙa, don ana biki a gidan kuma uwar ɗakina ba ta san uzuri ba. Ba wanda ya ce min a dakata. Ranar walima ina saukowa daga bene da farantin shinkafa na ji ɗas a tafin ƙafata, kamar an tsinke igiya. Na zube a wurin. Washegari ƙasan ƙafar ya yi baƙi ya kumbura. Aka ce tantanin ne ya yage. Mako shida ina cikin takalmin nan mai kama da na 'yan sama jannati, kafin in miƙe an ɗauki wata a gurbina. Yanzu kitsen dunduniyar ya zaizaye, in na taka tayil ba takalmi ƙashi nake ji tsagwaronsa. Har yau in na tuna farantin nan hawaye nake.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya saka miki, Inna. Haƙƙinki na ƙarshen aiki ma sun ba ki?

Inna ta Karantina: Wane haƙƙi, 'yar nan? Jakata aka miƙo min a bakin ƙofa.

Anti Mai Gashi: Sannu Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ya same ki sananne ne, maimaita allurar kotizon a wurin na iya raunana tantanin ya kuma cinye kitsen dunduniya. Shi ya sa ba da ita ake farawa ba. Ƙanena, a sashen gashi nake aiki a Madina. Ka san farin tantanin da ke lulluɓe da tsoka idan an feɗe ragon layya? Irinsa ne a duk jikinmu, na tafin ƙafa ya fi kauri. Cikin dare ƙafa na saki ya takure, takun farko ya fizge shi, shi ne ƙusar da kake ji. Don haka kafin ka sauko daga katifa, ka ɗora ƙafar kan gwiwa, ka kama yatsun ka ja su baya wajen ƙwauri har ka ji tafin ya miƙe, ka riƙe daƙiƙa 10, sau goma. Sannan sharaɓa: dafa bango, ƙafa mai ciwo a baya, gwiwa a miƙe, dunduniya a ƙasa, daƙiƙa 30, sau uku. In sharaɓa ta ɗaure ita ke jan dunduniya. Bayan dawam, in ka tashi aiki, ka murza robar ruwa mai ƙanƙara a tafin ƙafa minti goma. Ƙwallon tenis a zaune, a hankali, a tsakiyar tafin, kar ka danne kan wurin ciwon. Yawancin mutane suna warkewa da wannan, amma watanni yake ɗauka.

Mai Shayin Jarwal: Wato wanda ya wuni yana gasa wa mutane kaji shi ma za a gasa shi. Ɗan Misfala, in an gama a turo mana cinya.

Direban Jidda: Gashin ma riyal 80 ne zama ɗaya, na kai maigidana.

Maman Biyu: Wane 80? Mijina 200 ya biya a nan Makka, kuma minti ashirin suka sa masa na'ura suka sallame shi.

Direban Jidda: To an cuce ku.

Ɗalibin Jami'a: 150 aka ce min a Madina. Ni katifar soso mai kamar taɓarya na saya riyal 45, ina mirgina sharaɓa a kai minti ɗaya kowace ƙafa. Tawa ta kama ni ne bayan Umara biyu a jere, sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ba takalmi, kan marmara.

Maman Biyu: Irinta 120 na gani a kanti.

Mai Shayin Jarwal: Muciya kyauta ce a kicin.

Baba Wanzam: Shekara arba'in ina riƙe da aska da ƙaho, tun daga gidanmu na gada. Yau 'yar da aka haifa jiya za ta ce a bar sunna a koma wasan ƙwallo.

Anti Mai Gashi: Baba, Allah ya huci zuciyarka, ban ce a bar ƙaho ba. Ya yi sau biyu, ƙafar na nan yadda take, kuma gobe ma tsayuwar awa goma ke jiransa.

Inna ta Karantina: Ni ma masu farar riga ne suka kai ni inda nake. Wanda ya ji a jikinsa shi ya fi cancanta a saurara.

Anti Mai Gashi: Gaskiyarki Inna, shi ya sa na ce ya jinkirta allurar. Abu ɗaya don Allah jama'a: wanda sharaɓarsa ta kumbura ɓangare guda, ta yi zafi ta yi ja, musamman bayan doguwar tafiya a mota ko jirgi, kar ya murza, kar a yi masa tausa. Gudan jini na iya zama, asibiti kai tsaye. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta yi dundurus shi ma ya bar ƙanƙara da ƙwallo sai likita ya duba. In ana shakka a kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya.

Ɗan Misfala: Na gode Anti. Ƙwallon a tsaye nake takawa da dukkan nauyina, ashe ɓarna nake yi. Yau da asuba na ja yatsun kafin in sauko, na isa banɗaki ban dafa bango ba, amma ciwon na nan. To 600 ɗin, gashi zama uku ko takalmi mai kyau? Silifas nake aiki da shi.

Direban Jidda: Tsaya, me ya sa za ka biya daga aljihunka? Ina ta'amin ɗinka? Dole ne kamfani ya yi wa ma'aikacinsa inshorar lafiya a ƙasar nan.

Ɗan Misfala: Akwai, amma mafi ƙanƙanta ne. An tura neman muwafaƙa, wato amincewar kamfanin inshora, mako biyu shiru.

Maman Biyu: Ciwonmu ke nan. Su yanki mafi arha don igama, takardar izinin zama, ta sabuntu kawai. Mijina da bayansa ya riƙe, an rubuta zama goma sha biyu, aka amince da uku.

Ɗalibin Jami'a: Ana iya kai ƙara hukumar inshora ta intanet.

Direban Jidda: Ka kai ƙara, kafili, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka, ya ji, sai ka ga abin da zai biyo baya. Ni wata biyar ke nan katina ya mutu, kullum bukra, wato sai gobe.

Mai Shayin Jarwal: Ku bar ta ta'amin ma. Kujera ɗaya ta roba na ajiye bayan kanta don in huta ƙafa tsakanin la'asar da magariba. Mai shago ya shigo ya ɗauke ta, wai kwastoma zai ga kamar ba ma son aiki.

Inna ta Karantina: Mu a gidan ko a kicin ba a zama. A tsaye nake yanka albasa, a tsaye nake cin abinci. Wa ma ya san wata hukuma a lokacin?