Wai me yasa sojojin Amurka na da suke jeruwa a fili ana harbinsu?

Ɗan_Kurmi:
Salam jama'a. Jiya na kalli wani fim na yaƙin neman 'yancin Amurka da Ingila, abin ya ɗaure min kai wlh, mutane su jeru kamar sahun sallah babu mai ɓuya, a harbe na kusa da kai ka matso ka cike gurbinsa. Wauta ce ko jarumta? Sannan wannan tarkacen da suke ratayawa meye a ciki?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumussalam ɗan uwa. Ba wauta bace, bindigar ce ta jawo. Yaƙin daga 1775 ne zuwa 1783, bindigar lokacin kuma ta baki ake ɗura ta, cikin bututun sumul yake babu zare, harsashin dunƙulen dalma ne yana ta kai da kawo a ciki kafin ya fita, to in abokin gaba ya wuce kamar yadi 100 sai dai sa'a. Shi yasa ake jera mutane da yawa su saki wuta lokaci ɗaya, ko ba komai wani zai samu. Turawan Ingila na riƙe da bindiga mai suna Brown Bess, su kuma Amurkawa da farko duk abinda suka samu ne, har na farauta, sai daga 1777 Faransa ta turo musu Charleville da yawa. Ɗurin kansa aiki ne, ka ciro ƙunshin takarda mai albarushi da harsashi, ka yage da haƙori, ka ɗan zuba a kaskon kunna wuta, sauran ka juye a baki ka danna da sandar ƙarfe. Gwani yana yin uku a minti ɗaya. Ga hayaƙi, bayan harbi biyu uku ba ka ganin gabanka.

Jikan_Mafarauci:
Malam ai wannan harba-ka-ruga ce sak! Kakana yana da ita, ina yaro ni nake riƙe masa ƙahon albarushi. Irin mai ƙanƙara ce, dutsen ya daki ƙarfe ya bada tartsatsi. In damina ta sauka sai ya naɗe wajen kunamar da tsumma, wata rana ya saita gada ya ja, sai ƙyas kawai, gadar ta kalle shi tayi gaba abinta. Inaga su ma ruwan sama haka yake musu.

Malam_Tarihi:
Haka ne kuwa, shi yasa banati, wato wuƙar da ake maƙalawa a bakin bindiga, ya zama rabin makamin. Wani Bajamushe von Steuben ne ya koya wa Amurkawa amfani da shi sosai a sansanin Valley Forge a 1778, kafin nan wasu tsire nama suke yi da shi a wuta. A 1779 da suka afka wa sansanin Ingila na Stony Point da dare, yawancinsu ba a bar su sun ɗura bindiga ba ma, da banati suka ƙwace wurin.

Maman_Iman:
Bari in amsa maka ta ɓangaren kayan, tunda maza sun tsaya kan bindiga. Jakar fata ta harsashi a kafaɗa ɗaya, jakar yadi ta abinci a ɗayar, gorar ruwa yawanci ta katako, bargo, ƙanƙara ta canji, da ɗan tsinke da buroshi na share ramin wuta. Mutum shida suke haɗa tukunya ɗaya da tanti ɗaya. A takarda kowa yana da fam ɗaya (kusan rabin kilo) na nama da fam ɗaya na burodi ko fulawa kullum, amma a takarda ne fa. A Valley Forge ɗin nan fulawa suke kwaɓawa da ruwa su gasa a kan dutse, ba gishiri ba komai, kuma kusan mutum 2,000 suka rasu a wurin, cuta ce ta ci yawancinsu ba harbi ba. Abinda ya fi bani tausayi takalmi, babu na dama babu na hagu duk ɗaya ake ɗinkawa, wasu ma babu shi sam sai tsumma suke ɗaurawa cikin wannan sanyin.

Sarkin_Musu:
Malam ka manta da masu doguwar bindiga mai zare a ciki, yaran kwamandan Amurka Daniel Morgan. Su ai ɓuya suke a bishiya suna ɗauke hafsoshin Ingila daga yadi 200, sun yi ɓarna a yaƙin Saratoga 1777.

Malam_Tarihi:
Ban manta ba Yallaɓai, amma su kaɗan ne. Tasu tana cin lokaci wajen ɗuri kuma ba ta ɗaukar banati, in aka rufo su a guje sai dai su ranta a na kare.

Ɗan_Kurmi:
Nagode sosai. To dalmar fa ina suke samu?

Maman_Iman:
Ko ina. A 1776 gunkin Sarkin Ingila George na uku suka kayar a New York suka narka, aka fitar da harsashi sama da 42,000.