Waɗanda suka yi tafiya: me kuka ci, ina aka kai ku?

Ɗan Runjin Sambo

Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta tashi a majalisarmu bayan la'asar, na ce bari in kawo ta nan. Wani ya ce shi ko ina za shi, jakarsa ba ta rabo da yaji da garin kuka da daddawa. Wani ya ce duk wanda ya je garin mutane bai ci abincinsu ba, to wurin kwana kawai ya canza. Daga nan magana ta gangaro gida: in baƙo ya sauka Sakkwato, bayan Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake, ina za ka kai shi, kuma ina za ka zaunar da shi ya ci abincinmu in ba gidanka ba? Wanda ya taɓa fita, waje ko cikin ƙasa, ya ba mu abin da idonsa ya gani, bakinsa ya ɗanɗana. Ban da "an ce".

Maman Safiyya, Mabera

Wa alaikumus salam. Ni ina ɓangaren masu yaji, ba na ɓoyewa. Amma Madina ta rage min taurin kai. In an fito sallar asuba akwai ƙananan shaguna da ake layin tamis, wani faffaɗan burodi da ake mannawa a jikin tanderu, a haɗa maka da ful, wake ne da ya dahu ya yi luguf aka zuba masa mai. Da zafinsa ake ci, kuma riyal kaɗan sai mutum biyu su ƙoshi. Wadda ta gagare ni ita ce shinkafarsu ta mandi. Nama ya dahu har yana zamewa daga ƙashi, amma shinkafar ba miya ba yaji, ƙamshi kawai. Nan ƙullin yajina ya yi rana, har matan Indunusiya da ke gefenmu suka miƙo hannu.

Ziyara kuwa, kada mutum ya dogara da motar ayari kaɗai. Za a kai ku Ƙuba da Ƙiblataini da Uhudu a safiya ɗaya, direba na danna hon tun ba ku sallame raka'a biyu ba, sannan a ƙare da ku a shagon dabino, inda babu mai gaggauta ku. Na koma Uhudu ni da ɗana da yamma, muka hau tudun maharba, muka hangi maƙabartar da Sayyidina Hamza yake. A nan na fahimci yadda mahayan Ƙuraishawa suka zagayo ta baya. Tun muna Islamiyya ake karanta mana, ban taɓa hango shi daidai ba sai ranar.

Azhari na Gidan Igwai

Allah ya maimaita, Hajiya. Wannan ƙarewa a shago ba Madina kaɗai ba ce. A Masar ma haka ake yi, sai dai can shagon turare ne.

Karatu ya zaunar da ni Alƙahira, kuma abincin ɗalibi a can koshari ne: shinkafa da taliya da adas da wani wake mai ƙwalo-ƙwalo, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa, kai kuma ka ƙara ruwan tafarnuwa da yajin ruwa yadda kake so. Ba nama a ciki, shi ya sa yake da araha, kuma yana riƙe ciki har dare. Ranar da maƙwabcina Bamisire ya gayyace ni gidansu, ya yi ta zuzuta wata miya wai mulukiya, abincin sarakuna. Aka kawo, na duba, lalo ne. Lalon da ke fitowa a bayan gidanmu da damina, sai dai su sun daddatsa shi ya yi laushi sun soya masa tafarnuwa. Na ci na yaba, don gaskiya ta yi daɗi.

Dalar Giza kowa zai je, ba sai na tallata ba. Abu biyu kawai: kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa, amma mai katin ɗalibi rabi yake biya. Sannan masu raƙuma, ku gama ciniki tsaf kafin ku hau, ku tabbatar kuɗin ya haɗa da saukewa, don na ga wanda aka bari a sama ana sabon ciniki da shi. Ni wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne tsohon gari. Masallacin Azhar tun shekarar 970 aka fara gininsa, ga Masallacin Husaini a tsallaken titi, ga kasuwar Khan Khalili a manne da shi. Kuma abin da ya shafi tambayar mai gabatarwa: kana fitowa daga ziyara, taku kaɗan za ka yi ka samu kujera da teburi, a kawo maka tattabarar da aka cusa wa shinkafa. Sun san mai yawo yunwa yake kwasowa, sai suka kafa masa tukunya a bakin ƙofa.

Alhaji na Kanwuri

Ku ɗiyan zamani da ka hawan jirgi, kun mance da maƙwabta. Ni tahiyata ta mota ta. Mu tashi nan mu kai Illela, mu ƙetara Ƙonni, mu kama hanyar Tawa da Abalak, sai Agadas, garin da Shehu yat tahi neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Hasumiyar masallacinsu ginin ƙasa na zalla, mita 27, itace sun hurhudo ga jikinta. Anka bar mu munka hau. Hanyar ciki ta matse ƙwarai, sai da nit tuɓe babbar riga kahin in kai bisa. Daga can kana ganin gidan Sarkin Abzin da gari dut.

Abinci kuwa, Buzaye sunka yi muna tagella bakin hanya. Sunka kwaɓa garin alkama, sunka ture garwashi, sunka aza shi bisa rairai mai zahi, sunka maida toka da wuta sunka ruhe. Da yan nuna anka kakkaɓe shi, anka gutsuttsura cikin miya. Wallahi ko tsakuwa guda ban tauna ba. Sai cuku, sai shayi zubi ukku, kuma kada ka sha na hwarko ka miƙe, rashin ladabi na. Tun da anka ruhe iyaka 2023 ban koma ba, ga shi naira ba ta da ƙarhi gaban sefa kamar da.

Ɗan Runjin Sambo

Allah shi ƙara lafiya Baba. Wato har babbar riga sai da aka ajiye.

Mai Takalma, Tsohuwar Kasuwa

Ni sarin kaya ke kai ni Guwanzu a ƙasar Sin, kuma can ba maganar daɗi ake fara yi ba, maganar halal ce. Wanda ya riga ni zuwa ya koya min dabara: ka nemi shagunan taliyar Lanzhou masu koren allo, maza da farar hula, mata da ɗankwali. Musulmi ne. A gabanka za a ja kwaɓin da hannu har ya zama zare-zare, a jefa a romon naman sa. 'Yan sandunan cin abincinsu ne ban iya ba har yau, cokali mai yatsu nake yawo da shi a aljihu, ba na jin kunya.

Juma'a kan kai ni wani masallaci da ke da kabarin da mutanen wurin ke cewa na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne. Malamanmu dai sun karantar da mu cewa a Baƙi'a aka rufe shi. Ban je gardama ba, salla na je. Amma sahun nan abin kallo ne, Sinawa da Larabawa da 'yan Pakistan da mu baƙaƙe kafaɗa da kafaɗa.

Malama ta Arkilla

Bari in dawo da ku gida, don ni abin ya taɓa cina. Abokiyar karatuna Bayarabiya ta zo daga Ibadan. Lokacin da na je wurinta, ta kai ni buka, wato rumfar sayar da abinci, muka zauna a benci, aka tuƙo amala da miyar ewedu da gbegiri a gabanmu, mata da maza kowa na cin nasa. To ga ta a Sakkwato.

Wurin kallo ban rasa ba. Na kai ta Hubbare, ta ga matan da ke zuwa ziyara har daga Nijar, na nuna mata cewa Shehu ya rasu 1817, kuma 'yarsa Nana Asma'u tana nan kusa da shi. Labarin jajis da 'yan taru, matan da Nana ta riƙa turawa ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu, ya fi komai burge ta, don ita ma malama ce. Muka wuce ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi, muka shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu ta ga tsofaffin rubuce-rubucen hannu da kayan yaƙi, muka ƙare a wurin dukawa ta sayi jaka da titimi na jar fatar akuyarmu.

Da azahar ta ce min, "To yanzu kai ni in ci naku." Nan na tsaya. Gidajen abincin da mace za ta shiga ta zauna a natse, abin da za a miƙo maki shinkafa ce dafa-duka da kaza, ko sakwara da agushi, wato abin da ta baro a garinsu. Dole na kira innata ta ɗora tukunya. Da dare ta ci tuwon shinkafa da miyar sure, da safe hoce, da rana fura da nono mai sanyi. Ta ce ba ta taɓa sanin gero na iya yin haka ba. Amma da ba ta da ni fa? Da ta koma tana cewa Sakkwatawa jalof suke ci.

Ɗan Kwalkwalawa

Malama, da girmamawa, ban yarda ba. Abincinmu yana waje, ku ne kuke nemansa inda ake kunna na'urar sanyi. Ki bi hanyar jami'a ki tsaya a gadar Kwalkwalawa, kifin Rima ne daga ruwa sai kasko. Masa da safe tana kowace shiya. Da magariba ga balangu ga tsire, ga kilishi in tsaraba ake so. Wane gari ne zai nuna mana albasa? Ni baƙina ban taɓa kai su otal ba, kuma babu wanda ya koma da ƙorafi.

Malama ta Arkilla

Ƙanena, baƙin naka maza ne. Ka taɓa ganin matar aure ta baje a bencin mai tsire da magariba a garin nan? Sai dai a ƙunshe mata a takarda ta ci a mota, ya huce. Kifin Kwalkwalawa na san shi, na kuma saya. Inda za mu zauna da baƙuwa mu wanke hannu mu ci a mutunce nake tambaya.

Maman Safiyya, Mabera

Gaskiyarki Malama. Ko a Makka, matanmu mazauna can da ke sayar da tuwo a lungu sun fi mu dabara, don sun san alhaji in ya kwana biyu sai ya nemi miyar kuka.

Malamin Tarihi, Gawon Nama

Wanda ya ce bayan Hubbare babu wurin zuwa, bai leƙa Argungu ba. Jihar Kabi ce yanzu, amma daga nan ba ta kai tafiyar awa biyu ba. Bikin kamun kifin ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabawa. Na halarci na 2020, bayan an daɗe ba a yi ba. Ana buga bindiga sai dubban masunta suka kwarara cikin kogin Matan Fada da gora da homa, ƙura ta tashi, ruwa ya koma laka. Giwan ruwan da aka fito da shi sai da ƙarti suka tallafa. Ranar kifi ya yi arha, a bakin hanya ake soyawa, kuma Malama, can na ga mata zaune a rumfuna suna ci ba mai kallonsu, don taro ne. Ko ba lokacin biki ba, gidan tarihi na Kanta yana nan a tsohuwar fada, da kaburburan sarakunan Kabi a ciki.

Ta gabas kuma akwai Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu 1837 kuma aka rufe shi. Gaba ga madatsar ruwa ta Goronyo. Alƙalawa, birnin Gobirawa da ya faɗi 1808, tana can ƙasar Sabon Birni, sai dai ba zan ce wa kowa ya ɗauki baƙo ya nufi can a wannan yanayi na rashin tsaro ba.

Direban Tasha

Malam ya taɓo inda nake jira. Hanyar Wurno da Goronyo ni nake binta, kuma shawarata kada wanda ya ɗauki baƙo ya kama ta sai ya zo tasha ya tambaye mu yadda ta kwana. A fita da sassafe, a juyo kafin la'asar. Kuma don Allah a daina gayyato mutanen kudu a watan Afrilu. Na ɗauko wani daga filin jirgi da rana tsaka, zafi ya haura 40, kafin mu kai cikin gari ya shanye ruwan da ke motar har da nawa, ya ce a wuce da shi masauki ba ya son ganin komai. A kawo su Disamba ko Janairu lokacin hunturu. In kuma hawan Salla ake son su gani, a nema musu inuwa kusa da fada tun da wuri, a riƙo musu fura a kula.