Me ake bibiya don nuna wa mai karatu labarin da ya dace?

Maman Ilham, Kubwa: Assalamu alaikum. Shafin labarai ne, muna son ƙarƙashin kowane labari a fito da wasu da za su ja hankalin mai karatu. Me za mu bibiya?

Injiniya, Wuse: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki dogara da dannawa kaɗai. Kanu mai zafi kan jawo mutum, ya fice nan take. Haɗa da tsawon zamansa da inda ya gangara. Google Analytics 4, manhajar ƙirga abin da baƙi ke yi a shafi, ba ya ƙirga gangarawa sai an kai kashi 90 na shafin, ki ƙara ƙirgar kashi 50 ta Tag Manager, manhajar Google ta saita abin da za a bibiya.

Malam, Garki: Safari, burauzar Apple, kan goge kukis (ƙananan bayanan da shafi ke gane baƙo da su) da JavaScript, lambar da ke aiki cikin burauza, ya dasa bayan kwana 7, tsohon baƙo ya koma sabo. A dasa su daga sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin.

Barista, Maitama: Hajiya, ki nemi amincewar baƙo tukuna kafin a bibiye shi, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana aiki.