Garejin Baban Amira: zafin kwano da rana, sanyin Jos da asuba

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar AC. Tun da na yi ritaya na mayar da garejin gidana na Rikkos wajen aikin katako. Tsawonsa ƙafa 30, faɗi ƙafa 22, daga daɓe zuwa kwano wajen ƙafa 13, kuma babu silin. Ƙofar ƙarfe ce babba, tana kallon yamma. A Maris da Afrilu, daga azahar zuwa la'asar wurin ba ya zaunuwa, kwanon gasa mutum yake yi tun daga tsakar ka. Yanzu kuma da hunturu ya kama, da safe yatsuna ko fensir ba sa riƙewa da kyau. Shekaranjiya na haɗa ƙofar kabad da farin gam na bar ta ta kwana, da gari ya waye gam ɗin ya yi fari fat kamar alli, ya ƙi kamawa. Wani mai shago a gari ya ce in ɗauki AC na tsaye mai ƙarfin doki 3 in huta. Kafin in zuba kuɗin giratuti a ciki, me kuka gani?

Kawu: Wa alaikumus salam. Allah Ya sa albarka a sana'a. Mai Firij, ga naka ya zo.

Mai Firij Dilimi: Baba, don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna. Ko doki 5 ka sa a ƙarƙashin tsiraran kwano, ɗiban ruwa da kwando ne. Kwanon da rana ta buga ya fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba, kuma zafin nan saukowa yake yi kai tsaye a kan mutum da kaya. Da dare sai ya juya, ɗan ɗumin da ke ciki ta nan yake sulalewa. Matsalarka biyu ce a ido, amma tushenta ɗaya ne, rufin nan. Silin tukuna, sannan mu yi maganar inji.

Ɗan Kubwa: Abin da Oga ya faɗa ni ya faru da ni, ba labari aka ba ni ba. Wajen aikina a Kubwa ya ɗan fi na Baba ƙanƙanta, na sa na tsaye mai doki 3 ba tare da silin ba, saboda zafin Abuja a Maris ba ya jiran mutum ya yi tunani. Kwamfureso, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, bai taɓa yankewa ba tun safe har yamma. Sanyin kuma sai ka tsaya a gabansa kake ji, ka matsa taku biyar gumi ya dawo. Yunit ɗin da nake saye ya yi mini wata sai ya ƙare a kwana goma sha. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ƙura. Bayan sati uku na buɗe gaban, ragar tace iskar ta yi dam da garin katako kamar an shimfiɗa mata bargo, ƙarafunan ciki kuma sun yi ƙanƙara, ruwa na ɗiga a kan teburin aiki. Sai da na sa silin ɗin PVC, na shimfiɗa audugar gilashi mai tare zafi a samansa, sannan na san na sayi AC.

Baban Amira: Subhanallahi. Allah Ya mayar da alheri. To amma ni na ga ana cewa a intanet a lissafa BTU 20, wato ma'aunin ƙarfin sanyin AC, a kowace ƙafa murabba'i. Nawa 660 ne, ya kama 13,200. Ke nan ko doki ɗaya da rabi ya kusa isa?

Injiniya: Lissafin daidai ne Baba, wurin ne ba daidai ba. Ƙa'idar nan ta Amurka ce, an yi ta ne don ɗakin zama mai silin kamar ƙafa 8, bango da rufi duk a lulluɓe da abin tare zafi. Naka ƙafa 13 ne, kwano tsirara, ga ƙofar ƙarfe da ke shan ranar yamma, ga injinan aiki. Duk wutar da injin zarto ko injin goge katako ya ja, a ƙarshe zafi take zama a cikin ɗakin. Ga yadda kasuwarmu ke kiran su: doki 1 kusan BTU 9,000, doki 1.5 kusan 12,000, doki 2 kusan 18,000. Daga nan sama sunan dokin ya danganta da kamfani, wani ya kira 24,000 doki 2.5, wani ya ce 3. Don haka kar ka saurari doki, ka leƙa takardar da ke manne a gefen na'urar ka karanta BTU da wat ɗin da take ja.

Kafinta Katako: Ni ina da ja kaɗan. Baba, me ya sa sai ka sanyaya garejin duka? Inda ake yanka da gogewa ai iska yake so, a buɗe ƙofa, a sa fanka mai jan ƙura waje. Mu a Katako a fili muke yi, rumfa kawai. Inda ke buƙatar a rufe shi ne wajen haɗawa da gam da zane da ƙarasa aiki. Ka yanke kusurwa ɗaya, ka ce ƙafa 12 da 14, ka yi mata bango da filawud biyu da abin tare zafi a tsakani, ka sauke silin ɗinta zuwa ƙafa 9, ka sa mata ƙofa mai rufuwa ruf. Kai kafinta ne, aikin kwana uku ne a wajenka. Nan ne za a rataya AC, ƙura ba ta isa gare shi.

Mai Firij Dilimi: Wallahi ka gama magana. Wannan ɗakin doki 1 zai riƙe shi, in Baba yana son sarari ya ɗauki 1.5, amma kar ya wuce haka. Mutane na ganin babba ya fi, alhali wanda ya yi wa ɗaki yawa saurin yankewa yake yi, ya sanyaya iska bai tsotse laimar ba. A Jos kuwa laimar Yuli da Agusta ce ke sa ruwan zarto tsatsa, katako ya kumbura, aljihun tebur ya ƙi rufuwa. Alamar ɗigon ruwa a rimot aikinta ke nan, busar da iska.

Maman Hanif: Baba, batun sanyin safe fa. Ni a Bukuru a garejin gida nake ɗinkin labule da zannuwan gado, ni da yara biyu. Kasko muke hurawa da gawayi mu ja ƙofa, kafin ƙarfe tara wurin ya yi ɗumi. Ba tsada.

Injiniya: Hajiya, don girman Allah ki daina wannan daga gobe. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai take farawa da shi, sai jiri da kasala, mutum ya ɗauka gajiya ce ya kwanta. Irinta ce hayaƙin janareta ke kashe mutane da ita a cikin barci. In ya zama dole, a hura a waje, a sha ɗumin a waje.

Maman Hanif: Innalillahi. Ƙaramar yarinyar kullum sai ta ce kanta na ciwo wajen hantsi, ni kuma na ɗauka rashin karin kumallo ne. Na gode Injiniya, Allah Ya saka da alheri. Yau ɗin nan zan fitar da shi.

Kawu: Alhamdu lillahi da aka yi maganar. A wajen Baban Amira ma abin ya fi haɗari, ga garin katako ga tina ga fenti. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Baban Amira: Gaskiya ne Yaya. To hitar lantarki fa? Akwai wata mai jan ƙarfe a ɗakin uwargida.

Injiniya: Mai jan ƙarfen nan ba ta shiri da ƙurar katako. In hita za ka sa, ka nemi mai mai a ciki, wadda ba a ganin wutarta. Amma duba lissafi. Hita mai wat 2,000 in ta yi awa 4, yunit 8 ta sha. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki NERC ta kai yunit ɗin 'yan Band A, wato layin da ya fi samun wuta, naira 225, daga baya aka ɗan sauke shi zuwa sama da 200 kaɗan. A wancan farashin, kowace safiya sama da naira 1,600 ke nan ga wanda ke wannan layin. AC mai ɗumamawa kuwa ba ƙirƙirar zafi yake yi ba. Akwai wani bawul a na'urar waje da ke juya tafiyar gas, sai ya kwaso ɗumi daga iskar waje ya zuba a ciki. Yunit ɗaya na wuta yana ba ka ɗumin kusan yunit uku. Sanyin Jos, ko daren da ya sauka ƙasa da digiri 10, wasa ne a wajensa, don a Turai ana amfani da irinsa har cikin dusar ƙanƙara. Kuma maganin gam ɗinka ke nan. Farin gam ba ya kamawa da kyau in sanyi ya kai wajen digiri 10 zuwa ƙasa, shi ya sa ka ga ya yi alli. Ba ma sai ɗakin ya yi zafi ba, digiri 18 zuwa 20 ya wadatar.

Mai Firij Dilimi: Sai dai a yi hattara a nan. Yawancin AC da ake kawowa Najeriya sanyi kaɗai suke yi, don an auna Legas da Kano ne, ba a auna Filato ba. Rimot ɗin zai nuna maka hoton rana, ka danna, ba abin da zai fito sai iska, saboda rimot ɗaya ake bugawa na'urori da yawa. Sau biyu ana kirana a Rayfield wai AC ya lalace ba ya ɗumi, na je na tarar tun asali ba a yi shi da shi ba. Ka duba takardar gefe: in mai ɗumi ne za ka ga layi biyu, ƙarfin sanyayawa da ƙarfin ɗumamawa. In layi ɗaya ne, ka bar musu kayansu. Wataƙila sai an yi odarsa daga Abuja ko Legas. Ka sa a rubuta lambar samfurin a rasit kafin ka biya.

Ɗan Kubwa: Wane kamfani kake ba da shawara Oga? Ni Hisense nake da shi a falo, ƙanina Midea, babu wanda ya yi kuka.

Mai Firij Dilimi: LG, Panasonic, Daikin, Hisense, Midea, duk na ɗaura, duk suna aiki. Abin da nake dubawa biyu ne: ya zama inbata, wato wanda injinsa ke ƙara gudu ko ragewa daidai da buƙata, kuma in katin lantarkin cikinsa ya ƙone a samu wani ba sai an yi wata ana jira ba. Sauran duk hannun mai ɗaurawa ne. In yaro ya zo maka ba injin zuƙe iska daga bututu, ya ce zai ɗan saki gas ya kore ta, ka sallame shi. Sababbin da yawa gas R32 ne, yana iya kama wuta kaɗan in ya zuba kusa da harshen wuta, don haka ba a walda kusa da shi. Na'urar waje kuma kar a kai ta bangon yamma.

Injiniya: Batun inbata na goyi baya, musamman saboda janareta. Tsohon samfuri in zai tashi yana fizgar wuta ninki da yawa na abin da yake ci in yana tafiya, inbata kuwa a hankali yake hawa. Kuma abin da mutane ke mantawa, Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, wajen ƙafa 4,000. Injin fetur yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, don iskar sama ba ta da kauri. Janaretan da ya ɗauki kaya a Legas, a nan ya rage fiye da kashi 10. Baba, nawa ne naka, kuma injin zarton na kansa?

Baban Amira: 3.5kVA ne, kuma shi ke jan zarton in an ɗauke wuta.

Injiniya: To kar su haɗu a kai lokaci ɗaya. AC ɗin a ja masa layinsa daban daga allon gida da waya 4mm da makunnin 20A, ba soket ɗin da injina ke ciki ba. In wutar unguwarku tana yawan yin ƙasa, a haɗa da sitabilaiza.

Kafinta Katako: Babban ɓangaren ma kar a bar shi haka. A shafa wa kwanon farin fenti ta sama, a sa fankar rufi mai juyawa da iska guda biyu ta riƙa fitar da zafin da ya taru. Ƙofar yamma a yi mata rumfa. A Jos wannan kaɗai ya isa mutum ya yi aiki a Maris, ba Abuja ba ce.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na fasa na tsayen. Zan fara da yanke ɗakin da silin a satin nan. Malam Kafinta, filawud nawa kake ganin zai ci? Kuma audugar gilashin a ina zan samu a gari?

Kafinta Katako: Bango biyu ne kawai za ka tayar tunda kusurwa ce. Ƙafa 26 a tsayin 9, ciki da waje, ka lissafa falle 15 zuwa 16 na 4 da 8, ban da silin. Gobe bayan azahar zan biyo in auna da kaina. Audugar kuma in za ka taɓa ta ka sa safar hannu da takunkumi, ƙaiƙayinta ba kyau.

Mai Firij Dilimi: In ka je Malam, ka bar mini ramin bututu a bangon arewa, sama da taga. Zan tambayi mutumina na Abuja ko akwai doki 1.5 mai ɗumi a ƙasa, in turo wa Baba hoton takardar gefen ya gani da idonsa.

Maman Hanif: Oga Mai Firij, ka tambayar mini doki 1 ma, nawa ɗakin ƙafa 12 da 12 ne kuma da silin.