Kafin a miƙa wa kamfani matatar ruwan gari

Masana harkar ruwa sun fi nanata cewa matatar ta ci gaba da zama mallakar hukuma, kamfani ya gudanar kawai. A rubuta ingancin ruwa cikin yarjejeniya da lambobi: duhun ruwa kada ya wuce NTU 1 (NTU ma'aunin yawan laka a ruwa ne), kulorin ya yi minti 30 a ciki, kuma a samu aƙalla miligiram 0.2 na kulorin cikin kowace lita a famfon ƙarshen layi.

Inda ake cuta shi ne tsimi. Kamfani ya rage alif ko ya jinkirta wanke yashin tacewa, laka ta wuce, ta ɓoye ƙwayoyin cuta daga kulorin. Shi ya sa gwajin ruwa ya kasance a hannun wani daban, biyan kuɗi kuma ya dogara da sakamakon.